'Yar Ragi da Kunnen Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana so in ɗebo ruwa, randa take duba ta ce, "Gidan nan dai babu mai tausayin randa." In zazzaɓi ya kayar da ni, wani take tambaya ko "wancan" ya ci abinci, alhali ga ni kwance a gabanta. Haka matan garinmu suke kunyar ɗan fari, amma Inna ta fi su duka riƙe abin. Autarmu kuwa ta same ta a ɓagas. Su yi hira, su yi faɗa, su ci a kwano ɗaya, ni ina gefe ina haɗiyar yawu.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne gaba da Gangara, gero muke nomawa da ɗan wake. Na yi lakkol, wato makarantar boko, na koyi gyaran kayan lantarki a Damagaram, daga baya na samu aiki a wani ƙaramin gidan rediyon al'umma a Tanut. Ma'aikata ba mu da yawa, don haka ni ne mai kula da injuna, ni ne kuma mai karanta sanarwa bayan azahar: cigiyar raƙumi, rasuwa, suna, ranar rigakafin dabbobi, gaisuwar 'yan ci-rani.

Da na fara aiki na saya wa Inna rediyo na aika. Auta ta ce ko kallonsa ba ta yi ba, cewa ta yi a ajiye, wataƙila wata rana a ji labarin jar akuyarmu da ta ɓata. Akuyar nan tun ina lakkol ta ɓata. Amma ba a jima ba rediyo ya samu mazauni a jikin ginshiƙin rumfa, aka ɗaura masa siririyar waya aka ja ta har ƙololuwar rumbu don ya kamo Tanut. Da an sallame azahar ba mai daka a gidan, ba mai tankaɗe, zakara ma in ya yi cara sai ya sha jifa. Duk saboda akuya.

Wayar hannu ba ta raba mana wannan gardama ba. A garinmu sai an hau tudun bayan gari ake samun rezo, waya ta iya shiga. Auta ce ke hawa mu gaisa. Ko sau ɗaya Inna ba ta yarda ta karɓi waya ba. "In ce masa me?" take cewa. Don haka hanya ɗaya ce tsakanina da ita, daga bakina zuwa dogon ƙarfen antan ɗinmu, wato eriyar da ke watsa shiri, daga can zuwa wayar da ke kan rumbu. Tana jina, ni ba na jinta.

A kan wannan hanyar ne wata 'yar mitsitsiyar aba ta tsaya. Lokacin da aka kawo mana sabon injin watsa shiri, wanda muke kira emeter, na buɗe shi ina leƙe-leƙe kamar yadda na saba. A tsakanin sashen da ke haifar da sigina da kuma ampli, mai ƙara masa ƙarfi kafin ya hau antan, na ga wata baƙar ƙwaya mai kusurwa huɗu, ba ta kai ƙwayar wake ba, da 'yan ƙafafu a kewaye. A takardar injin atenuwater aka kira ta. Bakinmu bai iya wannan ba, muka sa mata 'yar ragi, don aikinta ke nan: rage ƙarfin sigina kafin ya shiga ampli.

Na so 'yar ragi tun ran farko, ba zan ɓoye ba. Tsohon injinmu maɓallin murɗawa gare shi, ka murɗa yau ya ba ka wani abu, gobe ka murɗa daidai wurin ya ba ka wani daban. Ita kuwa lamba take ji. Ƙofofi shida ne a cikinta, na rabin desibel, na ɗaya, na biyu, na huɗu, na takwas, na goma sha shida. In ka danna maɓalli a gaban injin, wata 'yar ƙwaƙwalwa ta aika mata lambar, ta buɗe wasu ta rufe wasu kafin ka ƙifta ido, ta rage abin da aka ce, daga sifili har talatin da ɗaya da rabi. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba. Ba ta jure sigina mai ƙarfi, shi ya sa aka ajiye ta tun yana ƙarami, kafin ampli ya kumbura shi. Kuma tana da wani hali: ko ka sa ta a sifili, ka ce kada ta rage komai, sai ta ci desibel ɗaya da ɗan wani abu na wucewa ta cikinta, kamar tsabar da ke maƙalewa a gindin tiyar awo.

Ragin desibel uku yana nufin ƙarfi ya koma rabi. Shida, ya koma kwata. Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuwa, ni na san ma'anar kowace lamba da sunan gari. In na rage ɗaya ko biyu ba mai lura. A uku makiyayan da ke can hanyar Tenhiya za su fara kira suna cewa mun shige rijiya. A huɗu mutanen wajen Falanko sai sun ɗaga rediyo sama. Garinmu yana bakin gaɓa. A huɗu da rabi muryata tana isa da shuu a bayanta. A shida tana zuwa tana ɓacewa, kamar mai magana a cikin bargo.

Me zai sa mutum mai hankali ya rage muryarsa da hannunsa? Bazarar yankinmu na Damargu. Ɗakin injinmu rufin kwano ne, kuma shirina ya faɗo daidai lokacin da rana take tsaye tana huci. Ampli in ya yi zafi ya wuce kima ƙonewa yake, in kuwa ya ƙone sai gidan rediyo ya yi shiru har a samo wani daga Yamai, ko daga bayan Yamai. Daraktanmu, wani tsohon malamin lakkol mai son ƙa'ida kamar ransa, yakan leƙo da gilashinsa a kan hanci ya karanta lambar da ke gaban injin.

"Malam, huɗu nake gani."

"Darakta, huɗun ta isa."

"Taɓa ampli ka ji. A kai shida. Ba mu da na canji."

Gaskiyarsa ce, ni na fi shi sani. Da tsohon injin ne, sai in murɗa kaɗan in ce na rage. 'Yar ragi ba ta san wannan zumuncin ba, abin da ka danna shi take rubutawa ɓaro-ɓaro kowa ya gani. Na danna shida na shiga ɗakin magana.

Ran kasuwar Tanut da ta biyo baya, direban motar garinmu ya tsaya a ƙofar gidan rediyo ya miƙo mini wani ƙunshi. Na kwance na tarar da citta, kanumfari, 'yar kwalbar zuma, man shanu a gwangwanin madara, da cuku guda biyu. Ya ce tsohuwa ta ce a kai wa "mai rediyo", ba ta ƙara komai ba. Na tsaya ina juya kayan ban gane ba, sai da Auta ta hau tudu ta kira ni.

"Yaya, me ke damunka?"

"Ni? Lafiyata lau."

"To Inna ta ce ba ka da lafiya. Ta ce muryarka ta shaƙe, da ƙyar take fita, wai ko numfashinka tana jin yana shuu. Jiya tuwo ma kaɗan ta taɓa."

Na yi dariya har na riƙe ciki, na kuma yi wa Auta bayani dalla-dalla, zafi ne, inji ne, ni na rage da hannuna. Ta sauka ta gaya mata. Amsar da ta dawo mini da ita a kira na gaba ita ce, "Ta ce ƙarfe ba ya mura. Ta ce in inji ne, me ya sa da safe matar nan mai shirin mata take fita garau?" Da safe ɗakin da sanyi, a biyu muke aiki. Da na kashe wayar dariyar ta tafi. Shekara da shekaru ina zaton matar nan ba ta san ina raye ba, ashe numfashina take ƙirgawa.

Daga nan bazara ta zama mini lokacin yaƙi. Na jiƙa buhuna na rataya a taga. Na kwance fankar ɗakina na kafa wa ampli, ni na kwana ina gumi. Na roƙi a mayar da shirina hantsi, masu saurare suka yi ca, suka ce da hantsi suna rijiya, suna kasuwa, wa zai ji cigiya? Na koma ciniki da Darakta a kan rabin desibel kamar mai sayen ɗan akuya. Ya ce shida, in ce biyar, mu tsaya a biyar da rabi, kowa yana hararar kowa. Wata rana nakan ci nasara. Amma in zafin nan ya taso da gaske, hannuna na kan ampli ina jin yana neman gasa ni, ba na jiran a gaya mini. Garuruwa da yawa suna jiran sanarwar rasuwa da ta ɓatan dabba, ba zan ƙone musu rediyo don hankalin mace ɗaya ya kwanta ba, ko da ita ce ta haife ni. Sai in danna, in shiga in yi magana, na san tana can ƙarƙashin rumfa ta kasa kunne hankalinta a tashe. Ran kasuwa kuma citta ta iso.

Na sha citta a shekarun nan har abokan aiki suka ce ɗakin magana ƙamshin shayin Buzaye yake. Ban taɓa zubar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Wata shekara, a ruwan farko, aka yi tsawa kusa da antan. Ampli ya tsira, amma 'yar ragi ta tafi. Ta maƙale a ragi mafi yawa, kome ka danna ba ta ji, ko unguwar da ke bayanmu da ƙyar take kama mu. Aka yi odar wata ta hannun wani ɗan kasuwa a Damagaram, ta zo a cikin 'yar leda mai ƙyalli. Sai da na taɓa ƙarfen da ke sauke wuta zuwa ƙasa kafin in ɗauke ta, don 'yar wutar da ke jikin mutum ma tana iya kashe ta. Na cire matacciyar na liƙa sabuwa. Matacciyar ban jefar ba, na sa ta a kwalin ashana na jefa aljihu.

Kwanakin da muka yi shiru, Auta ta ce Inna har ta sa an nemo mata kuɗin mota. Don haka da aka gama gyara na ɗauki hutu na tafi gida ta gan ni da idonta.

Na same ta a rumfa tana ɓarar wake. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta amsa wa ƙwaryar waken. Auta ta kawo fura. Na sha, na gyara murya da ƙarfi don a ji lafiyarta, sannan na fito da kwalin ashana na zazzage 'yar ragi a tafin hannun Auta.

"Nuna mata. Wannan ce ke rage muryar, ba ciwo ba ne."

Auta ta kai mata. Inna ta karɓa, ta matso da ita kusa da ido, ta juya ta da farce.

"Ke Auta, wannan 'yar abar?"

"Ita ce, Inna."

"Ita ke cinye muryar mutane?"

"Haka ya ce."

"Ko ƙwaron wake ya fi ta auki." Ta sake juya ta. "To shi da ya san ita ce, me ya sa yake ajiye ta kusa da shi?"

Na buɗe baki zan ce wannan ta mutu, akwai sabuwa a cikin injin tana aiki. Auta ta take mini ƙafa. Muna kallo Inna ta jawo bakin zanenta, inda take ƙulle goro da 'yan canji, ta sa 'yar ragi a ciki, ta ƙulle tam, ta soke a ƙugu. Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta ce wa ƙwaryar, "Sai ta zauna nan in ga ta inda za ta koma."

Na koma Tanut damina ta kankama, gari ya yi sanyi, muka sauko har sifili. Auta ta kira tana dariya, ta ce Inna ta ce a gaya wa mai rediyo ya ji sauƙi, kuma ta san dalili. Damina da kaka da sanyin shekarar nan ba a aiko da citta ba. Cuku kawai ke zuwa, wani lokaci da ɗan wake. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar a watannin nan ba. In na zauna gaban makirfo sai in ga rumfar, in ga ginshiƙin, in ga ta juya wa rediyon baya wai ba saurare take ba. Nakan ja gaisuwar buɗe shiri fiye da kima, in gai da mutanen gabas da na yamma, in gai da tsofaffin da ke zaune a rumfa. Darakta ya ce gaisuwata ta fi sanarwar tsawo.

Da bazara ta dawo na yi ta fargaba. Muka hau biyar, citta ta dawo. Auta ta ce Inna ta kwance ƙullin ta duba, ta ga abar tana nan, ta ce to lalle tana da 'yan'uwa. Ban yi musu ba, don gaskiya ta faɗa.

Abin da ban shirya masa ba ya zo bayan wasu shekaru. Cikin sanyi ne, muna sifili, sigina garau har makiyayan nesa suna kira suna yabo, sai ga direba da ƙunshi. Citta, kanumfari, zuma. Na duba injin, na auna abin da ke fita, komai daidai. Na hau na tsaftace mahaɗan waya. Na saya mata babban rediyo mai lasifika biyu na aika. Mako na gaba wani ƙunshin ya zo. Auta ta hau tudu, muryarta ba wasa a ciki.

"Yaya, ba injinku ba ne. Kunnenta ne. Ni ma sai na yi ihu take jina. Rediyon har maƙwabta suna ji, ita tana cewa ka koma raɗa."

"Kin gaya mata?"

"Na gaya mata. Ta ce kunnenta lafiya lau, tana jin jaki in ya yi kuka."

Ran nan na daɗe tsaye gaban injin ina kallon sifilin nan. Duk shekarun baya ina da abin bayarwa, ko rabin desibel ne in yi faɗa in ƙwato mata. Yanzu na ba da duka. Har na yi tunanin cire 'yar ragi ɗungurungum in haɗa wayar kai tsaye, in ƙwato ɗan abin da take ci na wucewa. Darakta ya shigo ya same ni da abin liƙi a hannu. Ya san labarin cittar, kowa ya sani. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, desibel ɗaya zai kai?" Na ce ba zai kai ba. Ya dafa kafaɗata ya fita, na mayar da murfin injin.

Zuwana gida na ƙarshe tana da rai, na durƙusa inda na saba na gaishe ta. Ba ta ji ba. Ta ga bakina yana motsi babu abin da ke fitowa, na ga tsoro a fuskarta ƙarara. Ta jawo Auta, wai raɗa take mata, amma da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, har waje ana ji.

"Duba mini wuyansa. Ya rame ko? Yana shan abin da ake aika masa? Ni ban iya kallonsa."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na matsa har gwiwata ta taɓa tabarmarta, kusancin da rabona da shi tun ina goye. Na ji ƙamshin man shanu da hayaƙi a mayafinta. Na kai bakina kunnenta na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Inna, lafiyata lau! Ba abin da ke damuna!"

Ta ji. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta kau da kai wajen rumbu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sannan ta ce, "Ke Auta, ce masa ya bar ihu haka nan, zai fama maƙogwaron."

Ta rasu kafin a yi girbin shekarar. Bayan an kai ta, matan da suka yi mata wanka suka ba Auta zanen da ke jikinta. Da mutane suka ragu Auta ta kira ni ɗaki ta miƙo mini bakin zanen. Ba goro a ciki, ba canji. Ƙulli ne a kan ƙulli a kan ƙulli, ya yi baƙi don shafar hannu, da ƙyar na kwance shi da haƙori. Auta ta ce duk ran da muryata ta ƙara yin nisa sai ta ƙara ɗaure ta. 'Yar ragi tana ciki, ƙafafunta sun lanƙwashe. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Har yanzu ina wannan aikin. Darakta ya yi murabus, an yi wa ɗakin injin silin, amma bazara ba ta canja hali ba. In zafi ya taso nakan taɓa ampli, in kai yatsa kan maɓalli in fara hawa. Ɗaya, biyu, uku, ba na jin komai. A huɗu da rabi yatsana yana tsayawa da kansa, sai na tuna babu kowa a rumfar sannan in danna. Ina kewarta, kewar da ban san inda zan kai ta ba, don ko tana raye ba mu saba hira ba. Ran kasuwa in na ji tsayuwar mota a ƙofa har yanzu nakan ɗaga kai. Yanzu ko talatin da ɗaya da rabi na rage, babu mai aiko mini da citta.